Kurciya Mai Laya a Siton Shinkafa

Kwana uku iskar azyab ta yi tana busowa daga kudu, mai zafi, mai ƙura, irin wadda ke mayar da tekun Jidda kamar ruwan wankin tukunya. Ranar Talata da safe ta kwanta. Duk wanda ya daɗe a gefen tashar jiragen ruwa ya san abin da ke biyo bayan kwanciyarta a watan Afirilu: tsuntsaye. Daga ƙasashenmu suke tasowa, su ƙetaro teku, su bi gaɓa su yi arewa. Masu ƙarfi suna wucewa can sama kamar an ja zare. Waɗanda iska ta wahalar kuwa sai su zubo ko'ina, kan kwantena, kan igiyar jirgi, cikin kwandon shara. An taɓa ganin zalɓe ya sauka a kan babbar mota, bai tashi ba har ta ɗauki hanyar Makka, direbobi suka ce umra za shi.

A wani siton shinkafa da ke kudu da tashar akwai wani dattijo, Na'ibi, mutumin Mirriya ta ƙasar Damagaram. Shara yake yi, yana dafa wa ma'aikata shayi. Shekararsa ashirin da shida a Jidda bai taka gida ba. Wannan Talatar ita ce ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki, domin kafilinsa, ubangidan da yake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya buga masa takardar fita ta dindindin, an rufe iƙamarsa, wato takardar zamansa, tikitin ranar Alhamis na cikin aljihunsa a naɗe cikin leda.

Matarsa Aicha ce ta sa. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara cin na biyun. A waya ta ce masa, ba faɗa, ba kuka, "Malam, idan za ka zo ka zo bana. Baɗi muryarka kawai zan gani."

Sai dai wannan ba shi ne tikitinsa na farko ba. Na huɗu ne. A na farko zazzaɓi ya kayar da shi a ƙofar filin jirgi. A na biyu shi da bakinsa ya ce wa mai tasi ya juya, har yau bai san dalili ba. A na uku ya shiga filin jirgin, ya zauna a wurin jira, yana ji ana kiran sunansa sau uku, ƙafafunsa suka ƙi shi kamar na aro ne, yana kallo jirgin ya tashi. Na'ibi ya san sunan ciwonsa. Tun da suka yi rigima da ƙanen mahaifinsa, Baba Usman, a kan wata garka mai dabino, ya san an yi masa kurciya: an rubuta sunansa, an ɗinke cikin laya, an ɗaura wa tsuntsuwa an sake ta. Muddin tana yawo da layar, shi ma yawo zai yi ta yi, gida ba zai karɓe shi ba. Baba Usman ya daɗe da rasuwa, ba wanda za a roƙa ya kwance.

Yana share bayan sito, inda shinkafa ke zubewa, sai ya ga kuliyoyi biyu sun kafa wa wani lungu ido. Ya kore su da tsintsiya. A bayan tarin katako wata kurciya ce kwance, 'yar ƙarama, bayanta ja-ja mai zane kamar saƙa, ta buɗe baki tana haki. Ya sunkuya zai ɗauke ta, sai hannunsa ya tsaya a sama.

A gadon bayanta akwai wani baƙin abu, bai kai rabin kwalin ashana ba. An ɗaure shi da siririn zare mai faɗi wanda ya zagaye fikafikanta biyu ya haɗu a ƙirji. Samansa na ƙyalli kamar an liƙa madubi. Wani tsinke ya fito daga jikinsa ya wuce wutsiyarta. A gefe kuma ga rubutu ƙanana.

Na'ibi ya zauna a ƙasa. Shekara ashirin da shida. Ga ta, ta zo da kanta, kwana biyu kafin tafiya.

Ya sa ta cikin kwalin ganyen shayi, ya ɗiga mata ruwa a baki da ɗan yatsa. Abin da kakarsa ta faɗa musu game da kwance kurciya ya dawo masa tiryan-tiryan, kamar jiya ta faɗa. Ba a sa ƙarfe, in aka yanke da wuƙa an yanke wa mutum hanya. Da hannu ake kwancewa, ko da haƙori. Tsuntsuwar ta tashi da ranta. Kuma abin da ta yi bayan an sake ta, shi mai sunan zai yi.

"Ammu Na'ibi, ina shayi? Ko tun yau ka koma Nijar?"

Abdulghani ne, mai tuƙa motar ɗaga kaya, haifaffen unguwar Ammariyya, jikan mahajjatan da suka zo da ƙafa. Hausarsa rabi Larabci ce, baffa ma ammu yake cewa. Ya leƙa kwalin, ya lashi leɓe.

"Gumri, kurciya. Wallahi ya ammu, wannan da shinkafa da ɗan lemun tsami..."

"Cikinka ne zai kai ka wuta, Abdulghani. Matsa."

"Tsaya. Esh hada? Mene ne a bayanta?"

Kafin Na'ibi ya rufe kwalin, Abdulghani ya ɗauki hoto. Ba da mugunta ya yi ba. Shi mutum ne da ko ƙwai mai gwaiduwa biyu ya gani sai ya tura wa ma'aikatan sito duka a waya. Ba a yi minti biyar ba sai ga Sa'ud, mai kula da siton, ya fito daga ofis da sauri, gefen ƙyallen kansa na tashi.

Sa'ud ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma matsoraci mai muƙami ya fi mugu wuyar sha'ani. Ya dubi tsinken, ya dubi katangar tashar jiragen ruwa da ke can gaba kaɗan, ya ja da baya. Da Larabci ya yi magana.

"Kada wanda ya taɓa. Tsuntsu da eriya, a gefen tasha? Wa ya san wanda ya aiko shi, wa ya san abin da yake ɗauka? Na riga na buga waya, hukuma na zuwa." Ya juya ga Na'ibi, ya sassauta murya. "Ya Hajj, ka ji ni da kyau. Jibi za ka tafi. In suka zo suka tarar ka taɓa abin nan, bincike za a buɗe. Wanda ake bincike a kansa ba ya hawa jirgi. Iƙamarka kuma a rufe take. Ka gane?"

"Na gane."

"Ajiye kwalin a kan teburina, ka je ka dafa shayinka."

Na'ibi ya kai kwalin ofis, ya ajiye, ya fito. Ya ɗora buta a wuta. Ya tsaya yana kallon ruwan, yana auna abin. In ya taɓa layar, hukuma za ta riƙe shi. In bai taɓa ba, za su tafi da tsuntsuwar, su sa almakashi, ko ta mutu a cikin keji da sunansa a bayanta, ranar Alhamis kuma ƙafafunsa su sake ƙin shi. Gaba kura, baya sayaki. Amma hukuma mutane ce, ana iya roƙonta. Kurciya ba ta da ofis.

Wata babbar mota ta shigo da kaya, Sa'ud ya tafi bakin ƙofa duba takardunta. Na'ibi ya kashe wuta. Ya shiga ofis, ya ciro tsuntsuwar ya sa ta cikin rigarsa, ya mayar da murfin kwalin yadda yake. Abdulghani na kan motarsa, idonsu ya haɗu.

"Ya ammu, la'. Kada ka yi."

"Ba ka gan ni ba."

"Na gan ka mana, kai da wannan ƙaton cikin da ba ka da shi ɗazu."

"To ka rufe bakinka, in Allah ya sa yana rufuwa."

A bayan sito akwai matakalar ƙarfe da ke hawa rufi, inda tankunan ruwa suke. Rabonsa da hawanta shekara biyar. Ya hau yana tsayawa, hannu ɗaya a ƙarfe, ɗaya a ƙirji. A sama ya sami inuwar tanki ya zauna, ya fuskanci yamma. Teku ya kwanta shuɗi bayan ƙurar, a bayansa kuma Sudan, da Chadi, da gida. Tsattsewa na wucewa ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, duk arewa suka nufa, har yana jin iskar fikafikansu.

Ya laluba ƙirjin kurciyar ya sami ƙullin. Ƙarami ne kamar ƙwayar gero, kuma an shafa masa wani abu ya daskare kamar ƙaro. Ya sa farce, farcen ya karye. Ya sake sawa. Yatsunsa na tsufa ne, sun saba da tsintsiya, ba su saba da abu mai laushi ba, kuma duk lokacin da ya ja sai tsuntsuwar ta lumshe ido kamar za ta tafi.

"Yi haƙuri, baiwar Allah," ya ce mata. "Ni da ke duk ɗaure muke."

Hankakin tashar suka fara taruwa a kan tanki. Hankakin Jidda ba su da farin ƙirji irin namu, toka-toka ne, an ce a jirgin ruwa suka zo ba fasfo. Wannan watan shi ne sallarsu, domin gajiyayyen baƙo ba ya musu gardama. Uku, sai biyar, sai ya daina ƙirgawa.

Daga ƙasa ya ji muryar Sa'ud tana kiran sunansa. Ya ji an buɗe ƙofar ofis an rufe da ƙarfi. Sai ƙarar mota ta shigo harabar, ba irin ta kaya ba, aka kashe ta, ƙofofi biyu suka buɗe.

Haƙoran gaba huɗu suka rage masa. Ya ɗaga tsuntsuwar ya kai bakinsa, ya kama ƙullin, ya jiƙa shi da yawu, ya shiga tauna a hankali. Zuciyarta na bugawa a kan leɓensa, da sauri, da sauri, kamar ana kaɗa ƙaramin kalangu a nesa. Gashi ya cika masa baki. Matakalar ƙarfe ta fara amsa takun mutane. Ya ji ƙaron ya fashe. Ya ja da haƙori, zaren ya zame, ya zare shi daga fiffike ɗaya, ya zare daga ɗayan.

Da suka iso, layar na hannunsa na dama, kurciyar na hagu, gashi a gemunsa.

Sa'ud ne a gaba, ya dafe kai. Bayansa jami'i cikin kaki, da littafi a hannu. Sai Abdulghani. Sai wata mace baƙa, matashiya, da baƙar abaya da takalmin maza, ta rungume allon waya mai faɗi. Ita ta fara matsowa. Ta dubi abin da ke hannunsa, fuskarta ta canja kamar wadda aka fasa wa tulu a bakin rijiya.

"Ka cire," ta ce da Larabci. "Shekara biyu tana ɗauke da shi. Tun jiya nake bin ta."

Jami'in ya buɗe littafi. "Sunanka. Iƙama."

Na'ibi ya ajiye layar a ƙasa, ya ciro ledar da hannu ɗaya ya miƙa. Jami'in ya warware, ya duba takardar fita, ya duba tikiti, ya daɗe a kan kwanan watan. Bai mayar ba. Ya sa su cikin littafinsa ya riƙe.

"An ce maka kada ka taɓa?"

"An ce."

"To me ya sa?"

Larabcin Na'ibi na shayi ne da shara, ba shi da kalmomin wannan magana. Sai ya ce, da Hausa, ba don kowa ba, "Ya Allah, Aicha."

Matar ta ɗago kai. Ta durƙusa a gabansa, ta yi magana da wata Hausa mai tsalle-tsalle, irin ta 'ya'yan Hausawan da aka haifa a unguwar Sharafiyya.

"Baba, sunana Abir. Ina ji Hausa, magana ne shwayya, kaɗan. Faɗa mini. Lesh, me ya sa ka cire?"

Ya faɗa mata. Garka, Baba Usman, tikiti uku, idon Aicha, sharuɗɗan kakarsa. Bai ƙawata ba, don ba lokaci. Tana saurare tana kallon tsuntsuwar.

"Baba, wannan ba laya ba ne. Jihaz ne, na'ura. Masu nazarin tsuntsaye irina suka sa, a wata ƙasa can arewa, don a san hanyarta. Shekara biyu bas, kawai. Kai ka ce ashirin da shida."

"To da can a bayan uwarta yake."

Abdulghani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Abir ba ta yi dariya ba.

"Sittina, kakata, haka take cewa a kan jaddi, kakana," ta ce. "Ya zo hajji da ƙafa daga Katsina. Kullum baɗi zai koma. Yana nan a maƙabarta, bayan Balad, tsohon gari."

Ta karɓi kurciyar daga hannunsa, ta buɗe fiffike ɗaya, ta hura gashin. A hammatar, inda zaren ya zauna, akwai ɗan wuri ja da ya goge, bai kai ƙwayar wake ba. Ta daɗe tana kallonsa. Jami'in ya ƙwanƙwasa biro a kan littafi.

"Ya duktura, me ya ce? In rubuta ɓarna ce da gangan?"

Na'ibi ya dubi littafin da tikitinsa ke ciki. Hankaka ɗaya ya sauko daga tanki ya tako kusa.

Abir ta miƙe, ta nuna wa jami'in wurin. "Dubi nan. Zaren ya ci naman. Da ta ƙara kwana uku da shi, da ba ta kai ba. Ni ma da na same ta cirewa zan yi. Na'urar ta abokan aikinmu ce, an san lambarta, ba ta ɗaukar hoto, ga ta kuma lafiya. Dattijon ya rage mini aiki."

"Shi ya san da ciwon?"

Na'ibi ya fahimci tambayar. Shi kuwa mutum ne da bai iya ƙarya ba ko ta ciniki, ya buɗe baki zai ce bai sani ba. Abdulghani ya taka masa ƙafa da takalmin aiki mai ƙarfe a baki.

"Ammu Na'ibi ya san tsuntsaye, ya sidi," in ji Abdulghani. "A garinsu har gaisawa suke."

Jami'in ya dubi Abir, ya dubi dattijon da gashin tsuntsu a gemu. Ya rubuta layi biyu, ya sa ta ta sa hannu. Ya zaro ledar ya miƙa wa Na'ibi. "Halas. Allah ya kai ka lafiya, ya Hajj. Wani karon ka jira."

Sa'ud ya sauke numfashi, ya ce yalla kowa ya koma aiki. Amma Na'ibi bai motsa ba, don hukuma ce ta sake shi, kurciya ba ta sake shi ba tukuna.

Abir ta gane. Ta zuba ruwan gorarta a murfi, tsuntsuwar ta tsoma baki ta sha, ta sha, ba ta ɗago ba. Sannan ta mayar da ita hannun Na'ibi. Ya je bakin rufin ta yamma, ya yi bisimilla, ya buɗe tafukansa.

Ba ta tashi ba. Ta zauna a tafinsa, ƙafafunta masu sanyi, tana kallon teku da ido ɗaya. Hankakin suka tsaya cik. Har jami'in, da ya sa ƙafa a matakala, ya tsaya.

"Tashi," Na'ibi ya ce a hankali. "Don Allah tashi."

Ta girgiza jiki. Ta ɗaga fikafikan kamar tana neman nauyin da ta saba ji ta rasa. Sai ya ji ta tokare tafinsa, ta fita, ta yi ƙasa kamar za ta faɗi a harabar, hankaki huɗu suka zubo a bayanta. Abdulghani ya cire hular kwanonsa ya wurga musu yana zagin kakanninsu da Larabci. Kurciyar ta kauce, ta bi ta tsakanin layuka biyu na kwantena inda hankaka ba ya iya juyawa da sauri, ta ɓullo ta can ƙarshe, ta hau sama. Ta yi da'ira ɗaya a kan ruwa. Sannan ta miƙe ta bi gaɓa, ta shiga cikin tsattsewa.

Na'ibi ya bi ta da ido har ta ɓace. Hannuwansa suka faɗi.

"Arewa ta yi," ya ce. "Ba ta yi yamma ba. Wani yawon ne kuma."

Abir ta kunna allonta ta kawo gabansa. Taswira ce, da jan zare a kanta mai hawa da sauka. Ta sa yatsa a ƙasa. "Nan ta yi sanyi, kusa da tafkin Chadi. Baƙuwa ce a can, cin abinci take." Ta ja yatsan sama, ya wuce Jidda, ya wuce wani teku, ya tsaya. "Nan aka haife ta. Bara ta koma nan, itace ɗaya, ba ta kuskure ba. Mijinta ma can yake zuwa. Ba yawo ta tafi ba, Baba. Gida ta tafi."

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Ya sa ɗan yatsansa mai karyayyen farce ya taɓa shi.

"Itace ɗaya?"

"Wahid. Ɗaya."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ki riƙe layar, ni na gama da ita."

Ranar Alhamis da la'asar Abdulghani ya kai shi filin jirgi, ya ce ba zai bar wajen ba sai ya tabbata ba a dawo masa da kaya ba. Na'ibi ya wuce awo, ya wuce masu hatimi, ya zauna a kujerar jira, ya ɗora tafukansa a kan gwiwoyi yana sauraronsu kamar mai jiran hukunci. Aka kira jirgin Yamai. Mutane suka miƙe. Ya bari layin ya yi rabi. Sannan ya ce wa ƙafafunsa bisimilla, suka ɗauke shi.

Daga kujerarsa ta gefen taga ya kira Aicha.

"Ina ciki."

"Haka ka ce wancan karon."

"Wancan karon a waje nake. Yanzu har an ɗaure ni da bel."

Ta ce, "Ban yarda ba, Malam, sai na ji injin."

Ma'aikaciyar jirgi na zuwa tana cewa a kashe waya. Na'ibi ya sunkuyar da kai kamar mai gyangyaɗi, ya manna wayar a jikin taga, ya riƙe ta a nan har ƙarar ta cika jirgin.